Tambayoyinku: Kyamarar Fim, Wankin Hoto da Neman Kuɗi da Ita

Wasiƙun da suka shigo a wannan watan sun fi karkata ga ɗaukar hoto da fim, wasu daga matasan da suka gaji kyamara a gida, wasu kuma daga masu hoto da ke tunanin mayar da abin hanyar samun kuɗi. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su yadda filin zai ɗauka.

Assalamu alaikum, Malam. Muna kintsa kayan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai na tsinci kyamararsa a cikin akwati, an rubuta Pentax K1000 a jikinta. Ina son in gwada ta, amma abokaina sun ce an daina yin fim tun da daɗewa. Gaskiya ne? In ba a daina ba, ta ina zan fara? (Wani matashi daga Zariya)

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifi, ya kai haske kabarinsa. Abokanka rabin labarin suka ji. Gaskiya ne kamfanin Kodak ya daina yin shahararren fim ɗinsa Kodachrome a 2009, kuma a watan Janairun 2012 ya nemi kariyar kotu saboda bashin da ya yi masa katutu, amma masana'antarsa da ke Rochester a Amurka ba ta rufe ba, har ma ya dawo da fim ɗin Ektachrome kasuwa a 2018. Ana ci gaba da yin Ilford mai baƙi da fari a Ingila, ana yin Fomapan a Jamhuriyar Cek, sannan a 2024 aka fitar da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Saboda haka fim yana nan, sai dai ya yi tsada, kuma daga waje ake kawo mana shi.

Ka yi sa'a da irin kyamarar da ka gada. An yi ta daga 1976 zuwa 1997, kuma makarantun koyon hoto sun daɗe suna ɗora ɗalibai a kanta saboda sauƙinta. Duk motsinta na ƙarfe da sifirin ne, ƙaramin batirin LR44 da ke ƙasanta kuwa ma'aunin haske kaɗai yake kunnawa, don haka ko ya mutu za ta ɗauki hoto, saɓanin Canon AE-1 wadda ba ta ƙiftawa sam in babu batir. Ma'aunin nata ba shi da makunni, saboda haka ka riƙa rufe gilashin da murfinsa in ka gama, in ba haka ba batirin zai ƙare a banza.

Kafin ka sa fim, buɗe bayanta ka ɗaga ta wajen haske, ka riƙa danna maɓallin a kan kowace lambar sauri, daga daƙiƙa 1 har zuwa 1/1000, kana kallon yadda labulen ciki yake buɗewa yana rufewa. In a kan daƙiƙa 1 ya tsaya yana jan ƙafa ko ya maƙale, man cikinta ya bushe, sai mai gyara. Kada ka taɓa labulen da yatsa. Sannan ka duba soson da ke gefen ƙofar bayan, domin a zafin ƙasarmu yakan narke ya zama baƙin danƙo, haske ya riƙa kutsawa ta wurin yana barin jan zane a kan hotuna. Ana kankare shi a manna sabo, aiki ne da mutum zai iya yi da kansa. Gilashin kuma ka cire shi ka haska da tocila, in ka ga farin zare-zare a ciki, fumfuna ce da damshin damina ya haifar.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, kada ka sayi fim ko ɗaya sai ka san inda za a wanke maka shi. Yawancin shagunan da ke da allon wankin hoto a biranenmu yanzu daga waya da kati suke bugawa, injin wanke fim kuwa sun daɗe da ajiye shi. Wanda ya tara fim babu mai wanki kamar wanda ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba. Ka tambayi tsofaffin masu hoto na garinku, domin su ne suka san wanda har yanzu injinsa ke aiki ko wanda yake karɓa ta saƙo daga wani gari. In ka samu, ka tambaye shi ko yana yin wankin C-41, wato na fim mai launi, da yadda yake sabunta sinadaransa, kuma ka shaida masa tun farko cewa kana son a dawo maka da dodon hoton, wato shi kansa fim ɗin bayan an wanke shi. Ka gwada shi da fim mai sauƙin kuɗi irin Kodak ColorPlus 200 ko Gold 200. Lokacin da ka sa fim ɗin ka rufe, ka lura da maɗaurin hagu da ake naɗe fim da shi: in kana jan hannun gaba ba ya juyawa, fim ɗin bai kama ba, kuma za ka iya danna sau 36 a kan babu.

Malam, barka da aiki. Ranar Sallah na ɗauki 'yan'uwana maza da fim mai launi. Da aka wanke, farar shaddarsu ta fito fes har da aikin wuyan, amma fuskokinsu sun yi duhu, da ƙyar ake gane su. Laifin kyamarar ne ko na mai wanki? (Wata ɗaliba daga Katsina)

Barka kadai, 'yar'uwa. Mafi yawan lokuta laifin na ma'aunin haske ne, kuma ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi. Yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in aka haɗa haskensa da duhunsa, zai tashi ruwan toka matsakaici, wanda ke mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Da ya ga manyan riguna farare sun cika hoton a tsakiyar rana, sai ya ce haske ya yi yawa, ya sa ki rage, rigunan su daidaita, fuskokin kuma su nutse.

Maganin shi ne ki auna hasken daga fuskar. Ki matsa kusa har fuskar mutum ɗaya ta cika madubin leƙawa, ki daidaita lambobin a nan, sannan ki ja da baya ki ɗauka ba tare da kin sauya su ba, ko da allurar ma'aunin ta nuna haske ya yi yawa. In babu halin matsawa, ki buɗe ƙofar hasken mataki ɗaya ko biyu a kan abin da ma'aunin ya faɗa, misali daga f/11 zuwa f/8 ko f/5.6. Kada ki ji tsoron shaddar za ta ƙone, domin fim mai launi irin wanda ake wankewa da C-41 yana jure ƙarin haske sosai, rashin haske ne ba ya yafewa. In ma'aunin ya mutu gaba ɗaya, akwai tsohuwar ƙa'idar masu hoto: a rana tsaka mai tsananin haske, a sa f/16, a zaɓi saurin da ya fi kusa da lambar da ke rubuce a kwalin fim ɗin, wato 1/250 ga fim mai lamba 200, a cikin inuwa kuma a buɗe zuwa wajen f/5.6.

Wuri da lokaci ma suna da nasu. Rana tsaka tana jefa inuwar hula a kan ido, saboda haka ki shigar da su bakin zaure ko gefen katanga inda inuwa take a shimfiɗe, ko ki jira bayan la'asar. Ƙarƙashin bishiyar dalbejiya yana da daɗin zama, amma hasken da ke ratsa ganye yana ɗiga tabo-tabo a fuska. Hazon hunturu kuwa, duk da ƙurarsa, yana tausasa haske yadda hoton fuska yake so.

Duk da haka ban wanke mai wanki kwata-kwata ba. Tun daga shekarun 1950 shagunan wanki suka riƙa daidaita launin injinansu da wani kati na Kodak mai hoton farar mace, kuma sai a shekarun 1990 kamfanin ya fitar da wanda ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Har yau na'urar sikanin da aka bar ta ta yanke hukunci da kanta takan bi farin tufafi ta manta da fuska. Ki ɗaga dodon hoton wajen taga ki duba. A jikinsa komai a juye yake, fuskar da ta yi duhu za ta fito da haske. In kina iya ganin ido da hanci da baki a wurin, hoton yana nan, sai ki mayar a sake sikanin a kula da fuskokin. In kuwa wurin ya zama fili babu komai, haske ne bai isa ba tun farko, kuma babu mai iya dawo da abin da fim bai kama ba.

Malam, a garinmu zafi yakan wuce maki 40, ga wutar lantarki ba ta zama. Ina zan ajiye fim? (Mai karatu daga Maiduguri)

Zafi da damshi su ne ke tsofar da fim, kuma mai launi da mai babbar lamba irin 800 sun fi saurin lalacewa a kan baƙi da fari. Firij ya fi, ko da wutar tana zuwa tana tafiya, muddin fim ɗin yana cikin robarsa a rufe, an kuma sa robar a cikin mazubin da iska ba ta shiga. In ka fito da shi ka bar shi awa ɗaya ko biyu kafin ka buɗe, don kada raɓa ta kwanta a kansa. In babu firij, ka nemi wuri mafi sanyi a ƙasan ɗaki, ka riƙa sayen kaɗan-kaɗan, kuma kada ka bar shi a cikin mota ko akwatin babur. Wanda ka riga ka ɗauka ka gaggauta wanke shi, domin hoton da ke ɓoye a jikinsa yana dusashewa a zafi. In wani zai riƙo maka daga waje, ya sa shi a jakar hannu ya roƙi a duba da hannu, saboda sabbin na'urorin binciken kaya na CT da ke wasu filayen jirgi suna iya ɓata fim a wucewa ɗaya.

Ranka ya daɗe, na gaji da aika fim wani gari ina jiran makonni. Zan iya wankewa da kaina a gida ba tare da ɗakin duhu ba? (Wani malamin makaranta daga Kano)

Tare da naka, Malam. Za ka iya, kuma ɗakin duhu sai in kana son bugawa a takarda da na'urar faɗaɗa hoto. Wanke fim kansa duhu na 'yan mintuna kawai yake buƙata, lokacin da ake ciro shi daga gwangwaninsa a naɗe shi a kan ƙaramin faifai a sa cikin tankin roba. Akwai baƙar jaka mai hannaye biyu da ake yin wannan a cikinta, da zarar an rufe tankin kuma sauran aikin a fili ake yi. Ka lalata fim ɗaya da gangan ka yi ta gwajin naɗawa da rana, ido buɗe sannan ido rufe, har hannunka ya saba. Gumi yana sa fim ya maƙale a faifan, don haka ka yi da sassafe, hannu a bushe.

Ka fara da baƙi da fari. Sinadaran uku ne: na fito da hoto, na tsayar da aikinsa, da na kafe hoton, wanda ke narkar da sauran azurfar da haske bai taɓa ba. Alal misali, fim ɗin Ilford HP5 Plus a cikin sinadarin fito da hoto na ID-11 da aka sirka rabi da rabi da ruwa yana ɗaukar minti 13 a zafin maki 20, kana juya tankin na 'yan daƙiƙu a kowane minti, kafewa kuma minti biyu zuwa biyar. Ga wanda ruwa ke yi wa wuya, akwai hanyar ɗauraya mai tsimi: a cika tankin a juya shi sau 5 a zubar, a sake cikawa a juya sau 10, sannan sau 20. In za ka daɗe tsakanin wanki da wanki, sinadarin fito da hoto na Rodinal, wanda aka ƙirƙiro tun 1891, ya fi sauran jure ajiya.

Matsalarka a Kano ita ce maki 20 ɗin nan. A bazara ruwan tanki yakan haura 30, kuma duk ƙarin maki ɗaya yana rage lokacin wanki da kimanin kashi 10 cikin 100, har ya yi gajartar da hoton zai fito da dabbare-dabbare. Ƙasa da minti biyar ba a so. Ka sayi ma'aunin zafi mai kyau, ka zuba ruwan randa a baho ka jefa ƙanƙara, ka tsoma kwalaben sinadaran uku da ruwan ɗauraya duk a ciki har su daidaita. Daidaiton ya fi lambar muhimmanci, domin in fim ya fita daga sanyi ya faɗa ruwa mai ɗumi kwatsam, fatarsa takan tattare. Abin mamaki, wankin launi na C-41 a kan maki 38 ake yin sa, matakin fito da hotonsa kuma minti uku ne da daƙiƙa 15, wanda ke nufin abin da Turawa ke wahalar ɗumamawa mu kusan a haka muke samun sa, sai dai shi ba ya yarda da kuskuren ko da maki ɗaya, shi ya sa na ce a fara da baƙi da fari.

Ruwan burtsatse yakan bar farin tabo in ya bushe, saboda haka ɗaurayar ƙarshe ka yi ta da tataccen ruwa. A lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ka yayyafa ruwa a banɗaki, ka rataye fim ɗin da maƙalin shanya sama da ƙasa, ka rufe ƙofa kada kowa ya shiga sai ya bushe. Ka sa safar hannu, ka rubuta suna a kan kowace kwalba, kada ka zuba sinadari a robar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne, kuma tsohon ruwan kafewa, da yake yana ɗauke da azurfa, kada a zubar da shi kusa da rijiya ko shuka.

Malam, shekara da shekaru ina ɗaukar hoton biki da kyamarar zamani. Yanzu wasu amare sun fara tambayata hoton fim. Akwai riba a ciki, ko dai yayi ne kawai? (Wani mai hoto daga Kaduna)

Akwai, amma ba a inda mafi yawan mutane suke hango ta ba. Ka fara da lissafi. Ka haɗa kuɗin fim da na wanki da na sikanin da na aikawa da dawowa, ka raba da adadin hotunan da za ka iya miƙa wa amarya ba tare da jin kunya ba, waɗanda ba za su taɓa cika 36 ba. Wannan shi ne farashin hoto ɗaya kafin ka sa ladan hannunka. Da yake fim da sinadarai duk da kuɗin waje ake sayo su, kuma ka ga yadda naira ta kasance tun daga watan Yunin 2023, kada ka buga farashi na shekara guda; ka faɗi kuɗi a ranar da ka san nawa za ka sayi fim, ka karɓi kafin alƙalami da zai biya kayan gaba ɗaya. Mai yawan aikin baƙi da fari yana iya sayen babban naɗi mai tsawon mita 30.5, wanda ake yanka shi ya ba da kimanin fim 18, ya fi sauƙi a kan sayen ɗai-ɗai.

Shawarata ita ce ka sayar da fim a matsayin ƙari a kan aikinka na yau da kullum. Ɗaurin aure da kamu ba a maimaita su, don haka kada ka dogara da fim kaɗai a nan, kuma kada ka yi wa mai biki aiki da fim ɗin da wa'adinsa ya wuce, komai arharsa. Ka ware rabin awa da ango da amarya a wuri mai haske mai kyau, ka ƙarar da fim ɗaya ko biyu a natse, ka buga guda goma a takarda mai kyau ka sa a albam. Ka gaya musu tun farko cewa ba za su ga komai a ranar ba, domin mutumin da ya saba a juyo masa bayan kyamara ya duba yakan ɗauka an cuce shi in aka ce ya jira mako biyu.

A ganina kuɗin da ya fi tabbata yana wajen yi wa wasu wanki da sikanin, tunda rashin mai wanki shi ne babban kukan masu ɗaukar hoto da fim. Sai dai sinadarin launi da aka haɗa makonni kaɗan yake yi kafin ya mutu, kuma lita ɗaya kimanin fim 12 zuwa 16 take wankewa, saboda haka ka tsayar da rana guda da kowa ya san ita ce ranar wanki, ka tara fim ɗin mutane ka yi su a tare. Wanda ya haɗa sinadari saboda fim biyu asara zai yi.

Sai kuma tsofaffin dodannin hoto da ke jibge a gidaje da shagunan da suka rufe. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya yi ta ɗaukar mutanen gari cikin kwalliyarsu, ya kuma adana dubban dodannin hotunansa. Bayan an nuna wasu daga ciki a New York a 1991 aka bi sawu aka nemo shi, daga waɗannan dodannin aka buga manyan hotunan da suka zagaya duniya. Malick Sidibé, shi ma mai shago a Bamako, ya karɓi lambar Zakin Zinare a baje-kolin zane-zane na birnin Banis da ke Italiya a 2007, a Najeriya kuma J. D. 'Okhai Ojeikere ya bar kusan hoto dubu na kitson mata. Masu hoto na Kaduna da Kano da Damagaram su ma sun shafe shekaru suna ɗaukar hawan Sallah da suna da tafiyar alhazai, kuma iyalai da yawa za su biya a ceto musu hoton kaka. Amma hoton iyali amana ne, musamman na mata, don haka kada ka ɗora ko ɗaya a intanet don tallar shago sai da izinin masu shi, kuma ku rubuta a takarda wa zai riƙe dodon bayan an gama aiki. In aka kawo maka su, ka riƙe su ta gefe, ka hure ƙurar da ƙaramin famfon iska maimakon gogewa da tsumma, ka sa kowane a ambulan na takarda da sunan iyali da shekara. Duk wanda ka ji yana tsami irin na binega, ledarsa ce ta fara ruɓewa kuma tana harbin na kusa da ita, sai ka ware shi gefe ka fara yin sikanin ɗinsa kafin sauran.